Fijo 504 tana rawa a sulo, tana harbi ta kafireta: taimin ne ya goce?

Tambaya: Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna, mai injin lita biyu da kafireta. In tana sulo sai inji ya yi ta rawa har sitiyari ya ɗauka, in na taka totur kuma sai ta shaƙe ta yi harbi ta kafireta kafin ta ɗauki wuta. An canja fulogi, an wanke kafireta sau biyu. Bakanike ya juya distributa, rawar ta ragu, amma yanzu in na hau tudu sai in ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kik ma ya yi nauyi. Taimin ne ya lalace, ko inji ne ya gaji?

Amsa: Malam, ƙarar tsakuwar nan da nauyin kik, juya distributar da aka yi ne ya haifar da su. An tura wuta gaba fiye da kima. Inji mai ciwo yakan ɗan lafa a sulo in aka sa wuta ta sauka da wuri, shi ya sa aka ga kamar an samu sauƙi, alhali abin da ke kawo rawar yana nan inda yake. Ƙarar kuwa ba abin sakaci ba ce. Fetur ne yake fashewa gaba ɗaya maimakon ya ci a jere, kuma in aka daɗe a haka yana cin kan fistin, ya karya ringi, ya ƙona tof gasket. Don haka kafin a fara bincike, a ɗan mayar da distributa baya har ƙarar ta ɗauke.

Taimin, wato lokacin da wuta take sauka a fulogi, ba ya gocewa haka kawai, domin noti ne ya ɗaure distributa a wurinta. In wuta ta bar inda aka saita ta, wani abu ne ya cinye ko ya saki: dundunin kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distributa), ko bushin sandar distributa, ko sarƙar taimin. Kuma sau da yawa taimin lafiyarsa ƙalau, bawul ne ko iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Shi ya sa aikin yake da jeri, kuma jerin ba a tsallake shi: matsin silinda da bawul tukuna, sannan kayan wuta, sannan tazarar kwantak, sannan taimin, kafireta ce ta ƙarshe. Kowane ɗaya yana dogara da na gabansa. A motarka an fara ne daga ƙarshen jerin.

Abu na farko shi ne a gano ko silinda ɗaya ce ke ƙin aiki ko duka huɗun ne suke rauni. A bar inji ya yi zafi, yana sulo, a riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, a mayar. Silindar da ke aiki, da an cire wayarta inji zai faɗi sosai. Wadda aka cire wayarta ba abin da ya canja, ita ce mai ciwo, kuma ciwon yana ga fuloginta, ko wayarta, ko bawul ɗinta, ko ringinta. In kuwa duk huɗun suna faɗuwa daidai amma rawar ba ta da tsari, to abin da suka yi tarayya a kai ne: kwantak, kwandensa, kwayil, kafireta ko iska. Wannan gwaji na minti biyar yana raba aikin gida biyu.

504 tana da wani hali nata a nan. Fuloginta suna can ƙasan wasu dogayen bututu da suka ratsa murfin bawul, kuma robar da ke toshe bakin bututun in ta bushe, baƙin mai yakan gangara ya taru a gindin fulogi. Wuta sai ta bi man ta sauka a jikin inji maimakon ta yi tsalle a bakin fulogi. Sabon fulogi ba ya maganin wannan. A leƙa kowane bututu da tocila, in da mai a tsane shi, a canja robar, a duba ɗan sandan da ke haɗa waya da kan fulogi ko ya tsage ko yana da baƙin layi. A busa ƙurar da ke ciki kafin a kwance fulogi, a kuma fara ɗaura shi da hannu, domin tof silindar alminiyam ce, zarenta ba ya jure gaggawa. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce. Launinsa ma shaida ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi busasshe fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo baƙin mai yana hawa, fari fat kuwa zafi ne da ƙarancin fetur ko wuta da ta yi gaba. In uku sun yi kama ɗaya ya fita daban, ka san inda za ka duba.

Tunda fulogi suna waje, a auna matsi. Inji da ɗumi, duk fulogi huɗu a cire, a zare ƙaramar wayar kwayil, a taka totur har ƙasa, a buga kik adadin juyi ɗaya ga kowace silinda. Ana buƙatar geji mai dogon baki saboda bututun nan. Inji mai lafiya yakan ba da wajen 10 zuwa 11 a ma'aunin bar na geji, amma daidaito ya fi adadin muhimmanci: kada mafi ƙanƙanta ya gaza mafi girma da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Silindar da ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In matsin ya tashi sosai, ringi ne ko hannun rigar silinda. In bai motsa ba, bawul ne. In maƙwabta biyu suka faɗi tare, kamar ta 2 da ta 3, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Idan har ta kai ga ɗaga tof silinda, a tuna cewa hannun rigar wannan injin a cikin ruwa suke zaune, ana iya zare su. Duk wanda ya juya karanshaf bai danne su da ƙarfe da noti ba, fistin zai ɗaga su, hatimin gindinsu ya karye, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ƙaramin aiki sai ya koma sauke inji.

Amma kafin a yanke wa bawul hukunci a duba tazararsa, domin nan ne ake yawan samun ɓarawon. Ana saitawa inji da sanyi sarai, ya kwana ko ya yi sa'o'i a kashe: bawul ɗin shigar fetur milimita 0.10, na fitar hayaƙi milimita 0.25. Da fila geji ake yi, ba da kunne ba. Masu son inji ya yi tsit sukan matse tafet, wato sukurun saita tazarar bawul, har ƙarar ta ɓace, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada. Bawul in ya yi zafi yana ƙara tsawo, in babu tazara sai ya kasa rufewa. Na shigar fetur in bai rufe ba, wuta takan koma baya ta manifol ta fito ta kafireta, irin harbin da ka kwatanta ke nan. Na hayaƙi kuwa ta wurin zama a mazauninsa yake sauke zafi, in bai zauna ba sai ya ƙone. Tafet mai ɗan ƙara ya fi wanda ya yi shiru aminci.

Hanyar saitawa ita ce a juya inji da hannu har bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe gaba ɗaya, a saita na shigar fetur na 3 da na hayaƙi na 4. In na hayaƙi na 3 ya buɗe, a saita na fetur na 4 da na hayaƙi na 2. In na 4 ne, na fetur na 2 da na hayaƙi na 1. In na 2 ne, na fetur na 1 da na hayaƙi na 3. Faransawa daga wajen fulaiwil suke fara ƙidayar silinda, wato ta 1 ita ce ta kusa da direba, mu kuma an saba farawa daga wajen lagireto. Kada wannan ya ruɗa kowa: jerin wutar 1-3-4-2 ne ko daga wane ɓangare aka ƙirga, sharaɗi kawai a tsaya a kan ƙidaya ɗaya har a gama. Bayan saitin a sake auna matsi. Silinda da yawa da aka ce sun mutu a nan suke farfaɗowa. In kuma tazarar bawul ɗin hayaƙi tana sake rufewa bayan 'yan makonni, bawul ɗin ne yake nutsewa a mazauninsa, sai an sauke tof silinda.

Sai kayan wuta. A zare babbar wayar kwayil daga tsakiyar murfin distributa, a riƙe ta da filaya milimita 6 zuwa 8 daga jikin inji, nesa da kafireta, a buga kik. Wuta mai ƙarfi shuɗiya ce ko fara, tana tsalle da ƙara. Ja mai laushi ko mai ɗaukewa tana nuna kwantak, kwandensa ko kwayil. A buɗe kwantak a kalli fuskokinsa. In sun yi toka-toka a shafe, lafiya. In sun ƙone sun yi shuɗi, ko ɗaya ya yi rami ɗaya ya yi tsini, kwandensa ta gaji ko ba ta kama jikin distributa sosai ba. Kwandensa da kwayil duka suna da halin yin aiki da sanyi su gaza da zafi, don haka motar da ke tashi lafiya ta fara tsallake bayan minti ashirin, a fara zargin su. A kuma tabbatar kwayil ya dace da wayoyin motar. Wanda ake ba volt 12 kai tsaye yana da wajen om 3 tsakanin ƙananan ƙafafunsa biyu, mai wajen om 1.5 kuwa sai da rizisto a gabansa. In aka ɗaura na biyun babu rizisto, zai yi ta cin kwantak yana zafi kamar dutsen guga. Ƙafar da aka rubuta wa BAT ko 15 ko alamar tarawa ita ke karɓar wuta daga makulli, mai RUP ko 1 ko alamar ɗebewa ita ke zuwa kwantak. A juya murfin distributa a duba cikinsa: siririn baƙin layi tsakanin ƙafafu hanyar satar wuta ce, ɗan gawayin tsakiya kuma dole ya fito ya danna rota. Da dare, a cikin duhu, wayoyin da suka tsufa za ka ga wuta tana yawo a jikinsu.

Tazarar kwantak milimita 0.40 ce, a lokacin da dunduninsa yake kan ƙololuwar kusurwar sandar. In akwai mitar auna kusurwar rufewa, wato digirin da sandar take juyawa kwantak yana rufe, ya fi, domin fila geji yana ƙarya a kan kwantak mai rami. A zare tiyon iska na distributa, a nemi digiri 57, a yarda da biyu sama ko ƙasa. Ga dalilin da ya sa wannan yake zuwa kafin taimin: wuta tana sauka ne daidai lokacin da kwantak ya buɗe. Yayin da dundunin yake cinyewa, tazara tana raguwa, kwantak yana buɗewa a makare, kuma kowane digiri ɗaya da kusurwar rufewa ta ƙaru, taimin ya koma baya da kusan digiri ɗaya. Motar da aka ce taimin ɗinta ya goce, sau da yawa buɗe kwantak zuwa 0.40 kaɗai ke mayar da shi gida. Wanda ya saita taimin sannan ya taɓa kwantak ya rushe aikinsa. A shafa ɗan giris kaɗan a kusurwoyin sandar, a ɗiga baƙin mai ɗigo biyu a kan ɗan ƙyallen da ke ƙarƙashin rota.

Distributa tana buɗe, a yi mata gwaji uku. A kama sandar a girgiza ta gefe da gefe: in tana motsi har tazarar kwantak tana canjawa, bushi ya cinye, kowace silinda tana samun wuta a nata lokaci daban, kuma babu saitin da zai zauna. A murɗa rota zuwa inda take juyawa a saki, ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, ƙarafan da ke tura wuta gaba in inji ya ƙara gudu sun kafe da tsatsa, mota za ta yi sulo lafiya ta rasa ƙarfi a hanya. In ta tafi ba ta dawo ba, sifirin ya saki. Sannan a tsotsi tiyon da ke zuwa ɗan gwangwanin gefen distributa, a toshe da harshe. Ya kamata abin cikin ya motsa ya tsaya. In iska tana wucewa, robar ciki ta fashe, an yi asara biyu: ba ta tura wuta gaba, tana kuma shigar wa inji iskar da kafireta ba ta san da ita ba.

Sarƙar taimin ma daga nan ake gwada ta ba tare da an kwance komai ba. A juya karanshaf gaba da sifana, a tsaya, a yi alama, a juya shi baya a hankali ana kallon rota. In fuli ya yi tafiyar da ta haura digiri 7 ko 8 kafin rota ta motsa, sarƙa ta miƙe ko abin da ke matse ta ya gaza. Irin wannan injin yakan yi ƙarar sarƙa a gaba da farkon tashi, kuma alamar taimin tana rawa a ƙarƙashin fitila. Sarƙar da aka ɗaura da kuskuren haƙori ɗaya bayan an sauke inji tana canja matsi a duk silinda huɗu daidai wa daida, kuma juya distributa ba ya gyara ta, domin lokacin bawul ne ya ɓaci.

Yanzu ne aka iso taimin. 504 ta fito a 1968, an fara haɗa ta a Kaduna a 1975, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, kuma a wannan tsawon an sauya inji da distributa sau da dama. Adadin yana tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, gwargwadon injin da lambar da ke jikin distributa. Tsofaffin suna da rami a saman kwandon kuloci, ana zura sanda mai kaurin milimita 8, a juya inji a hankali har ta faɗa wani gurbi a fulaiwil, nan ne wurin wuta. A zare sandar kafin a taɓa kik. Na baya suna da tsaga a fuli da faranti mai alamomi a murfin sarƙa. Motar da ta sha kayan Beljiyam tana iya ɗauke da fulin wani injin, don haka a tabbatar da alamar: a zura siririn sanda mai laushi ta ramin fulogi, a ga ko fistin yana can sama a lokacin da tsagar ta zo kan sifiri.

Saitin tsaye, wato inji a kashe, da ƙwan fitila mai volt 12 ake yi. A kawo inji kan alama yana juyawa ta hanyar da ya saba, rota tana kallon wayar silindar da bawul ɗinta biyu suke rufe. A haɗa ƙwan tsakanin ƙafar kwayil mai zuwa kwantak da jikin inji, a kunna makulli. A sassauta notin distributa, a juya jikinta zuwa inda rota take juyawa har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da ita a hankali kishiyar juyin rota har ya kama. Nan za a ɗaure. Kada a bar makulli a kunne ana hira, kwayil yana dahuwa. A lura da ƙanƙantar motsin: distributa rabin gudun karanshaf take yi, saboda haka milimita ɗaya a bakin jikinta ya haura digiri uku a fuli. Wanda yake murɗa ta da tafin hannu yana sauraro yana iya yin kuskuren digiri goma bai sani ba.

Da fitilar taimin sai a tabbatar, inji da zafi, yana sulo wajen juyi 850 a minti, an zare tiyon iska an toshe. Wayar silinda ta 1 ko ta 4 duk ɗaya ne, tare suke hawa. Ya kamata alamar ta tsaya cak. A ƙara totur a hankali, ta riƙa tafiya gaba ba tsalle, ta kai wajen digiri 30 a juyi 3,000, ta dawo wurinta in an saki. Sai gwajin hanya: a giyar ƙarshe, gudun kilomita 40 zuwa 50, a taka totur har ƙasa. In ƙarar tsakuwa ta ɗore, a mayar da wuta baya digiri biyu. In an kai ƙasa da adadin digirin injin amma ƙarar tana nan, a duba fetur, domin na bumburutu da aka gauraya da kananzir yana kawo ta ko taimin yana daidai, haka ma inji mai zafi da kan fistin da ya tara gawayi. Wutar da ta makara ita ma tana da alamunta: mota ba ƙarfi, tana shan mai, manifol na hayaƙi yana zafi fiye da kima, tana harbi ta salansa.

In duk wannan ya daidaita rawar tana nan, to iska ce, kuma shaƙewa da harbi ta kafireta sun fi nuna ƙarancin fetur. Wanke kafireta ba ya toshe ɓaraka. A matse babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki da filaya, in sulo ya daidaita nan take, tiyon ko tukunyar ce ke shan iska. A fesa ruwan wanke kafireta kaɗan kaɗan a gindinta da kewayen gasket, da abin kashe gobara a kusa, inda gudun inji ya canja nan ɓarakar take. Gindin kafireta yakan lanƙwashe in an matse notinta da ƙarfi, a ɗora ruwla a kai a gani. A girgiza sandar totur, in tana wasa a raminta iska tana bi ta nan, kuma sulo ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba sai an sa mata bushi. Inji a kashe, a leƙa maƙogwaron kafireta a ja totur: dole a ga siririn fetur ya tsarto nan take. In ya makara ko yana ɗiga, robar ɗan famfon kafireta ta bushe ko bakinsa ya toshe, kuma wannan shi ne shaƙewar da kake ji in ka taka. Jet ɗin sulo da iska ake busa shi, waya tana faɗaɗa raminsa. A duba fulot ko ya sha fetur ya nutse, a canja matatar mai, a kakkaɓe ta iska, musamman bayan hunturu.

Saitin kafireta da inji mai zafi ake yi, cok a buɗe. A kawo sulo wajen 850 da sukurun totur, a shigar da sukurun gauraya a hankali har inji ya fara faɗuwa, a fito da shi har gudun ya kai iyakarsa ya daidaita, a sake mayar da sulo 850. Kada a matse sukurun gauraya har ƙarshe da ƙarfi, bakinsa allura ce. In ana juya shi ciki da waje inji bai ko kula ba, hanyar sulo a toshe take ko iska tana shiga ta wani wuri, sai a koma neman ɓarakar.